Homwok a Gidanmu na Aji Uku

Shekarar da muka baro Kurya Madaro an riga an girbe gero, amma dawa tana tsaye a gona. Ba zan yi dogon bayani kan abin da ya kore mu ba. Duk wanda ya zauna tsakanin Kaura Namoda da Zurmi a shekarun nan ya san shi, ya kuma san cewa idan labari ya iso ba a tsayawa yankan dawa. Muka shigo Kaura a bayan motar ɗaukar hatsi, mu da wasu iyalai, hukuma ta sauke mu a wata makarantar firamare.

A can ƙarshen makarantar akwai wani tsohon gini mai ajujuwa huɗu da aka daina karatu a ciki saboda rufinsa yana yoyo. Abin da bai dace da yara masu karatu ba, sai aka ga ya dace da mu. A saman ƙofar namu ɗakin an rubuta "Aji 3B" da farin fenti. Iyali uku muka raba shi da igiya da zannuwa, ɓangaren allo ya faɗo wa Baba. Inna ta ji daɗin wannan rabo, domin ƙusoshin da ke jikin allon sun ba ta wurin rataye ludayi da rariya.

Da aka yi mako biyu babu maganar komawa, Baba ya kama hannuna ya kai ni ofishin hedimasta, aka sa ni aji shida a makarantar da muke kwana. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa ƙofar ajina taku sittin da huɗu ne, na ƙirga ba sau ɗaya ba. Ni kaɗai ne ɗalibin da bai taɓa bi ta ƙofar makaranta ba, abin da ya riƙa ƙona wa masu kama makararru rai, don ko na makara ba su da wurin da za su tare ni.

Ni yaro ne marar magana. A aji nakan zauna a benci na biyu daga baya, jikin bango, in ja layi da rula a gefen kowane shafi kafin in rubuta komai. Idan na yi kuskure ba na gogewa da yawu kamar sauran yara, sai in ja masa layi ɗaya siriri in sake rubutawa. Ba wanda ya san muryata sosai, ni ma ban damu a sani ba. Abu ɗaya nake so a duniya a wannan shekarar: a sa sunana cikin waɗanda makaranta za ta tura jarrabawar shiga makarantar kwana. Fom ɗin da ake ba makarantarmu kaɗan ne, hedimasta kuma ya ce ba zai zaɓi kowa da fuska ba, rajistar maki za a buɗe a ɗauko daga sama. Na ji an ce a makarantar kwana kowane ɗalibi yana da gadonsa shi kaɗai, da akwatin da zai kulle littattafansa. Wanda yake kwana tsakanin ƙafafun ƙannensa uku da buhun gero ya san darajar wannan labari.

A makarantarmu ta ƙauye, idan malami ya ba da aikin da za a yi bayan an tashi, jinga yake cewa. A nan kuwa malamin ajinmu, wanda shi ne kuma malamin Turanci, ba ya yarda a kira shi da kowane suna sai homwok. Mutum ne siriri, mai tsafta, kullum da biro uku a aljihun gaba, yana zuwa a kan babur da ƙaton ƙamus ɗaure a baya da roba, inda wasu suke ɗaura buhun masara. Ba mugu ba ne. Abin da ke damunsa shi ne ya yi imani cewa kowace kalma tana da ma'ana ɗaya tak, kuma tana cikin littafin nan na bayan babur. Ranar da na fara shiga ajinsa ya raba kalmar biyu a kan allo, ya ja layi tsakani. Hom, in ji shi, gida ke nan. Wok kuma aiki. Wanda ya yi wok ba a hom ba, bai yi komai ba.

Yana da dalilinsa. Kowace safiya yara sukan taru ƙarƙashin bishiyar dogon yaro kafin a buga ƙararrawa, littafi ɗaya a tsakiya, hannaye goma suna kwafa, har da kuskuren mai littafin. Don haka ya kafa doka: duk homwok ɗin da aka yi a cikin katangar makaranta sifili ne, ko da amsoshinsa sun fi na malamin kyau. Ya ba monita izinin rubuta sunan duk wanda ya gani da littafi buɗe a harabar makaranta ba lokacin aji ba. Homwok kuwa yana da nasa layi a rajistar maki, layi mai faɗi.

Na ji dokar da kunnena, na ma ji daɗinta, don ni ba na kwafa. Ko kaɗan ban kawo a raina cewa ta shafe ni ba.

Bayan la'asar nakan fito da wani karyayyen benci barandar ɗakinmu, in zauna a ƙasa in ɗora littafi a kansa. Rannan ina cikin cike gurbin jimloli sai monita ya dawo makaranta buga ƙwallo. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi littafin, ya laluba aljihu. Shi ma ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, yaro ne da Allah ya ɗora wa son rubuta suna. Da za a ba shi dama da ya rubuta na awakin da ke shigowa cin takarda. Ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan mahaifina, na kuwa gaya masa harafi-harafi, don ba na son a rubuta shi ba daidai ba.

Washegari Malam ya kira ni gaban aji, littafina a hannunsa.

"Ina ka yi aikin nan?"

"A gida, Malam."

Monita ya miƙe ya ce a makaranta ne, da idonsa ya gani. Malam ya dube ni, ya dube shi. Ya tambaye ni ina ne gidan. Na nuna ta taga. Duk ajin ya juya ya dubi tsohon ginin, inda a daidai lokacin Inna take shanya wandon ƙanena a kan tagar Aji 3B. Aka yi dariya, ba mai yawa ba, amma ta ishe ni. Malam ya aiki monita ya kwanto ƙamus, ya buɗe, ya bi da yatsa, ya karanta a ransa. Sannan ya ce ya tausaya mini ƙwarai da halin da muke ciki, amma ginin can a takardar hukuma aji ne, kuma rubutun da ke saman ƙofarsa bai ce gida ba. Ya duba amsoshina ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa kowace alamar daidai da jan biro, a ƙasa ya zana sifili. Yana da hannu mai kyau. Ban taɓa ganin sifili mai zagaye kamar nasa ba.

Ban gaya wa kowa a ɗakinmu ba. Na zauna na yi lissafi: idan na sami irin wannan sifili sau biyar, yara uku za su wuce ni, fom kuma ya tafi. Sai na yanke shawarar bin doka sau da ƙafa. Tunda cikin katanga ne matsalar, na ɗauki littafina na fita waje, na zauna jikin katangar ta ɓangaren titi, kusa da rumfar wani mai faci. Mutumin kirki ne, ya ba ni tsohuwar taya na zauna a kai. Ina cikin rubutu na ji ƙarar babur ta tsaya. Malam ne zai ƙara iska. Ya leƙa littafin, ya yaba rubutuna, ya ce amma in gaya masa tsakani da Allah, wa ya taɓa kiran bakin titi gida? Sifili na biyu ke nan.

Na gwada barandar masallacin unguwa tsakanin la'asar da magariba. Da Malam ya tambaye ni washegari na faɗi gaskiya, don ban iya ƙarya ba. Na ga alamar abin ya ɗan taɓa shi. Daga baya ya ce masallaci ɗakin Allah ne, ba na mahaifina ba. Na uku.

A nan ne kuma 'yan ajinmu suka ɓata mini abin da ya rage. Da suka ga ana muhawara kan tsohon ginin, sai kowa ya gano yana da dangi a cikinsa. Masu kwafa suka bar gindin dogon yaro suka koma bayan Aji 3A, idan monita ya kama su sai su ce gidan gwaggonsu suka zo. Wani yaro da ubansa ke da shagon kayan masarufi a kasuwa ya rantse wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu kakarsa ce, ita kuwa ta ce ba ta taɓa ganin mai kunnuwa irin nasa a zuriyarta ba. Malam ya ce kun gani ko, da ya buɗe ƙofa ɗaya da duk ajin ya bi ta ciki.

Wanda na fara gaya wa shi ne kawuna, ƙanen Inna, direba ne a hanyar Shinkafi. Ya biyo ranar Juma'a ya kawo mana albasa, ya same ni zaune da littafi rufe a cinya ina kallonsa. Da ya ji labarin ya yi dariya har ya cire hula. Ya ce in gida ake nema, shi yana da gida a Shinkafi, da zaure da rijiya da komai, in shirya gobe da safe. Ya ce wa Inna zai kai ni in gaida matarsa.

A tasha muka jira sai da motoci suka taru, don a hanyar nan ba a tafiya mota ɗaya. Aka cusa ni tsakanin wani mai sayar da fata da wata tsohuwa mai kaji biyu a kwando. Da aka fita gari kowa ya yi tsit, ido a kan daji, baki yana motsi. Sai da muka wuce wurin da ake tsoro sannan hira ta dawo. Tsohuwar ta tambayi Kawu me zai kai ɗan ƙaramin yaro Shinkafi a irin wannan lokaci.

"Homwok ne da shi, Iya," in ji Kawu.

Ta dube ni da tausayi, ta taɓa goshina da bayan hannu. "Allah sarki. Ga shi kuwa duk ya rame. Tun yaushe yas same shi?"

Kawu ya ce ya kai mako uku. Ta ce kada mu tsaya ga maganin asibiti kaɗai, akwai wani mai magani a Jangeru da ya warkar da jikanta daga irin wannan. Kawu kuwa bai gyara mata ba har muka sauka.

Na yi aikin a zauren Kawu, a kan tabarma, na rubuta kwanan wata da sunan garin a saman shafi. Ranar Litinin Malam ya saurari bayanina, ya yi tambaya kan ko Kawu ɗan'uwan Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce e. Ya ce to wannan hom ne, babu shakka, ya ba ni tara bisa goma. Sannan ya juya ya rubuta sabon homwok a allo, a kawo gobe Talata.

A ranar ce Baba ya ji komai, domin matar Kawu ta aiko wa Inna da saƙon cewa yaron nan tun da ya zo rubutu yake yi, ko tuwo bai ci ba. Baba ba mai faɗa ba ne, amma ranar ya yi. Ya ce ya tsere da ɗiyansa daga bakin bindiga, ga shi an maida ɗaya kan hanyar don jan biro. Da safe ya sa babbar rigarsa, wadda ita kaɗai ya fito da ita daga ƙauye, ya ce in wuce gaba.

Hedimasta mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, musamman da na sama da shi. Ya ji bayanin Baba, ya ce wannan magana ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ya sa aka fito da kujeru gindin dogon yaro lokacin tara, aka kira malamai. Aka ba Baba kujera. Ni na tsaya a bayansa ina kallon yatsun ƙafata.

Malamin Turanci ya fara, ya maimaita hom da wok, ya nuna shafin. Malamin Hausa, wani dattijo ɗan Zurmi mai yawan barkwanci, ya ce shi bai ga abin wahala ba, sunan abin nan jinga. Idan ka ba mutum jingar noma, abin da kake tambaya shi ne ya gama ko bai gama ba, ba ka tambayarsa inda ya kwana. Malamin Turanci ya ce shi bai ba da jinga ba, homwok ya bayar. Dattijon ya ce to in haka ne, wuri ɗaya ne a duk makarantar nan mai gida a sunansa, shi ne bayan gida, sai a tura yaron can. Aka yi dariya, ban da Baba da mai ƙamus.

Malamin Arabiyya ya gyara zama ya ce shari'a ta riga ta warware wannan. Matafiyin da ya sauka gari ya yi niyyar kwana huɗu ya daina sallar ƙasaru, ya zama mazauni. Waɗannan bayin Allah sun kusa wata uku. Malamin lissafi ya ce shi a ganinsa a raba makin biyu, tunda wurin da rana makaranta ne, da yamma gida. Aka tambaye shi ƙarfe nawa yake komawa gida, ya ce wannan sai an kafa kwamiti.

Sai hedimasta ya yi gyaran murya ya faɗi abin da ke cin ransa. Ya ce a duk takardar da yake aikawa sama, yana rubuta cewa makarantarsa tana da ajujuwa kaza, huɗu suna jiran gyaran rufi. Mutanen da ke ciki kuwa an ce masa baƙi ne na ɗan lokaci, za a maida su ƙauyukansu nan ba da daɗewa ba, an ma faɗa a rediyo. Idan ya yarda da bakinsa cewa wurin gida ne, ya ƙaryata na sama, ya kuma yi asarar ajujuwa huɗu. Amma, in ji shi, idan mai wurin da kansa ya faɗa a gaban shaidu, shi bai ji bai gani ba, malamin aji sai ya yi aiki da maganar uba. Malamin Turanci ya ce ya yarda da wannan. Duk suka juya ga Baba.

"Dattijo," in ji hedimasta, "can wurin gidanka ne?"

Na ɗauka an gama. Kalma ɗaya ce. Baba ya dubi ginin, ya daɗe yana dubansa.

"Ranka shi daɗe, gidana shina Kurya. Rumbuna biyu na can, kabarin tsohona na can. Nan zamne muke kawai."

Hedimasta ya buɗe hannuwa. Aka buga ƙararrawa, yara suka kwashe kujeru. A ranar na karɓi sifili na huɗu, kan aikin da na yi a baranda saboda na rasa inda zan je.

Ban yi fushi da Baba ba, ko kuma na yi amma ban san yadda ake nunawa ba. Na san kowace safiya yana zuwa tasha ya tambayi direbobi labarin hanya, ya dawo ya ce wa Inna an ce da sauƙi-sauƙi. Duk mazan ginin haka suke. A cikinsu babu wanda ya yarda ya kafa ko turken akuya, don kada a ce ya fid da rai. Wanda ya sayi tukunyar ƙasa babba sai da aka yi mako ana yi masa ba'a.

Kwana biyu bayan haka muna cin tuwo da rana, Baba ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, saura sifili nawa. Na ce ɗaya. Ya tambaya ko gaskiya ne can makarantar ana ba kowa gado. Na ce haka aka ce. Ya suɗe hannu ya tashi.

Da la'asar ya dawo da zana uku a ka da itatuwa a kafaɗa. Ya yi magana da mazan da muke raba ɗakin, suka ce ya yi abin da ya ga dama. Ya haƙa ramuka gaban baranda, ya kafa itatuwan, ya ɗaure zanan, ya bar ƙofa ta gefe yadda na waje ba zai hango ciki ba. Maza suka taru suna kallo. Ɗaya ya ce masa, ashe ka tare ke nan, yaushe za a yi walima? Wani ya ce a bar shi, gobe zai kafa rumbu a filin ƙwallo. Baba ya ci gaba da aikinsa. Da ya gama ya ciro gawayi daga murhun Inna ya miƙo mini, ya nuna bangon da ke gefen sabuwar ƙofar.

"Rubuta abin da ake rubutawa."

Na gane. Na ɗauko rula na ja layi biyu, na rubuta BA SHIGA da manyan baƙaƙe, irin wanda ake gani a ƙofar kowane gida mai matan aure. Na ja baya na duba, na ƙara wa G ɗin ƙugiya.

Washegari na miƙa aikina. Malam ya yi tambayar da ya saba, na ba da amsar da na saba. Monita ya miƙe, sai ya ce shi dai bai gani ba, an sa zana. Malam ya ce zai je ya gani da idonsa. Da aka tashi ya sa littafina a hammata ya nufi tsohon ginin da saurinsa, ni ina biye, rabin ajin suna biye da ni daga nesa. Yana da niyyar shiga kai tsaye, don ya shekara yana shiga ajujuwan nan ba ya neman izinin kowa. Har ya ɗaga ƙafa sai idonsa ya faɗa kan rubutun. Mutumin da bai taɓa saɓa wa abin da aka rubuta ba. Ya maida ƙafar, ya ja baya taku biyu, ya gyara hula, ya yi sallama.

Shiru. Daga ciki ana jin ƙarar dakan Inna. Ya sake sallama, ya ɗaga murya. Ƙanwata ta leƙo ta gefen zana da yatsa a baki.

"Ke, maigidan yana ciki?" in ji Malam.

Ta koma. Na ji tafiyar Baba a hankali. Ya fito da tabarma naɗe a hannu, ya tsaya a bakin ƙofar.

"Ga ni, Malam. Sannu da zuwa."

Ya shimfiɗa tabarmar a inuwar zana, ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Malam ya cire takalmi ya zauna. Suka gaisa kamar yadda ake gaisawa, ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki, Baba yana amsawa da lafiya lau, idonsa a ƙasa. Sai da Malam ya sha ruwan ya ajiye kwanon sannan na ga ya tsaya cak, kamar wanda ya tuna ya bar wuta a kunne. Ya dubi rubutun gawayi, ya ɗaga kai ya dubi na fenti a saman ƙofar ciki, ya dubi Baba. Ban san abin da ya gudana a kansa ba. Ya ciro jan biro, ya buɗe littafina a kan gwiwa, ya duba a nan kan tabarmar. Ya ba ni takwas bisa goma, saboda na manta aya a wuri biyu. Na duba daga baya, gaskiyarsa ne.

Baba ya tambaye shi sauran huɗun fa. Malam ya ce waɗancan an yi su ne kafin a kafa zana, doka ba ta komawa baya. Baba ya ce to, Allah ya saka da alheri, ya raka shi har bakin filin ƙwallo, kamar yadda ake raka baƙo. Da ya dawo bai shiga ciki ba. Ya zauna a kan tabarmar har aka kira la'asar, mazan ginin suna wucewa, ba wanda ya sake tsokanarsa.

Hedimasta bai taɓa zuwa wajen ba. Idan zai zagaya makaranta sai ya juya daga wurin famfo. Na ji daga baya cewa ya ce wa Malam, in an tambaya, ya ce yaron yana yin aikinsa a wani gida da ke kusa da makaranta.

Sauran zangon ban sake samun ƙasa da takwas ba, amma sifili huɗu ba ƙaramin rami ba ne. Ranar da aka manna sunaye a ƙofar ofis na jira sai da kowa ya watse sannan na matsa. Na fara karantawa daga sama, kamar mai fata. Sunana shi ne na ƙarshe, maki ɗaya tsakanina da wanda aka bari, wanda kuwa monita ne. Na yi jarrabawar, na ci.

Da takardar ta zo na karanta wa Baba a bakin zana, na fassara masa jerin abin da za a je da shi: bokiti, bargo, kwano, fararen takalma. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambaye ni ko can ma ana ba da homwok. Na ce ana bayarwa, har ma ya fi na nan yawa. Ya tambaya a ina ake yi. Na ce a makaranta, tunda a can ake kwana.

Ya dube ni. Ya karɓi takardar ya juya bayanta, ko da yake ba ya karanta boko, ya miƙo mini.

"Sake dubawa da kyau," ya ce. "Ba su ce a taho da zana ba?"